Bahar Maliya ko Tekun Kortes: Ina Ya Fi wa Bazazzage Zaman Wata Huɗu a Jirgin Ruwa?

Akwai wata irin rayuwa da ta fara shiga idon mutanenmu ta waya. Mutum ya tattara komatsansa ya tare a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita goma ko sha biyu, nan ne ɗakin kwana, nan ne kicin, nan ne banɗaki. Ya yi wata uku zuwa biyar yana bin gaɓar teku, idan zafi ya kunno kai ya ɗaure jirgin ya koma gida. Galibin masu yin haka 'yan fansho ne na Amurka da Kanada da Turai. Amma ko a Zariya akwai waɗanda abin bai fi ƙarfinsu ba: malamin jami'a a Samaru da ya samu hutun shekara, likitan Shika da ya ajiye aiki, ko dattijon da 'ya'yansa ke aiki a waje suna neman abin da za su yi masa ban da mota.

Masu wannan rayuwa suna son gaɓar da hamada ta tarar da teku, domin ruwan sama kaɗan ne, sauro bai cika damu ba, rana kuma tana cika batir ta sola kullum. A duniya wurare biyu ne suka fi fitowa. Na farko Bahar Maliya, mai tsawon sama da kilomita 2,000 daga Suwez zuwa Babul Mandab, da Masar da Sudan a yamma, Saudiyya da Yaman a gabas. Na biyu Tekun Kortes a Meziko, wanda ke kwance tsakanin zirin ƙasar Baha Kalifoniya da jihohin Sonora da Sinalowa, tsawonsa ya haura kilomita 1,100. A hoto kusan ba ka bambance su: jajayen duwatsu, ƙasa tsirara, ruwa shuɗi garau. A zaune kuwa, ko kusa ba ɗaya ba ne.

Ga mutumin Zariya, Bahar Maliya ta fi kusa ta kowace fuska sai ta fuskar tuƙin kansa, Tekun Kortes kuma ya yi nisa ta kowace fuska sai ta nan. Wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen.

Mu fara da isa wurin, tunda shi ke kayar da mutane tun kafin su ga ruwa. Daga Zariya ka shiga mota zuwa Kano, EgyptAir ya ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, daga nan ƙaramin jirgi ko bas ya kai ka Hurgada, a bakin Bahar Maliya. Bizar Masar a Abuja ake nema, kuma kada ka manta da katin rigakafin shawara. A lokacin sanyi bambancin agogo awa ɗaya ne tak, in ka kira gida da magariba su ma magaribar ce ke gabansu. Meziko kuwa babu jirgi daga Najeriya kai tsaye. Ko ka bi ta Istambul, ko ta Turai, inda mai fasfo ɗin Najeriya yake buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, ko ta Amurka, wadda a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Sauƙin da ke akwai shi ne Meziko tana barin mai bizar Amurka, Kanada, Ingila, Japan ko ta ƙasashen Shengen na Turai da ba ta ƙare ba ya shiga ba tare da tata ba, kuma izinin baƙo yana iya kaiwa kwana 180. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya nufi ofishin jakadancinsu a Abuja. Daga birnin Meziko sai ka sake hawa wani jirgin zuwa La Paz, garin da ke bakin Tekun Kortes. Tsakanin La Paz da Zariya awa takwas ne, kana karyawa su suna haramar la'asar.

To, an isa. A nan ne lissafin yake juyawa.

Jirgin da muke magana a kai ba ya sauri. In iska ta yi daɗi yana cin kilomita tara zuwa sha ɗaya a awa, wato tafiyar Zariya zuwa Kaduna wuni ce cur. Don haka abin da mai jirgi yake nema shi ne mafaka kusa da mafaka: ya ɗaga anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙarƙashin ruwa ya riƙe jirgi, bayan asuba, ya jefa ta a wani lungun kafin la'asar. Tekun Kortes kamar don wannan aka yi shi. Tsakanin La Paz da Loreto, kilomita ɗari biyu da wani abu, tsibirai da lunguna ne jere, Espiritu Santo da San Faransisko da San Hose da Karmen, ƙarƙashin ruwan yawanci yashi ne da anka ke kamawa da kyau. Hukumar UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, kuma akwai kuɗin shiga da dokokin da ake bi, amma ba wanda zai tare ka ya ce ina za ka kwana yau. Ka ga lungu ya yi maka, ka tsaya mako guda.

Iskarsa tana da ka'ida da ake iya koyo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa takan taso ta yi kwana biyu zuwa biyar tana kaɗawa da sanyi, sai ta lafa, kamar dai yadda hunturu ke yi mana a Janairu, ya matsa kwanaki ya saki kwanaki. Masu jirage suna samun labarinta tun kafin ta zo, sai kowa ya laɓe bayan tsibiri ya jira. Daga bazara kuma, a kewayen La Paz, akwai iskar dare da suke kira koromuwel, mai zuwa daga kudu maso yamma bayan faɗuwar rana. Wanda ya jefa anka a lungun da bakinsa ke kallon yamma don ya ga ruwa lumui da rana, tsakar dare zai gane kurensa. Watannin da suka fi daɗi su ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, sai Afrilu zuwa farkon Yuni.

Babban aibinsa mahaukaciyar guguwa. Lokacinta a hukumance daga 15 ga Mayu zuwa 30 ga Nuwamba ne, ta fi tsanani a Agusta zuwa Oktoba. A Satumban 2014 wadda aka sa wa suna Odile ta afka wa kudancin Baha, ta nutsar da jirage a La Paz, mutum uku daga cikin mazauna jirage suka rasu. A Oktoban 2023 Norma ta sake watsa jirage a gaɓar garin. Abin da ya sa rayuwar wurin ta zama ta kaka-kaka ke nan: mutane suna fitar da jiragensu kan tudu, musamman a San Karlos da Gwaimas, su bar su har zafi da guguwa su wuce. Masu taurin kai sukan haura arewa wajen Bahiya de los Anheles su sha zafin a can. A farkon Nuwamba kuma ayarin jirage na shekara-shekara, Baja Ha-Ha, wanda aka fara a 1994, yakan taso daga San Diyego ya gangaro kudu, kaka ta buɗe ke nan.

Bahar Maliya ba ta san irin wannan guguwa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nata ciwon daban ne, kuma kullum yana nan. A rabinta na arewa, inda Masar take, iska daga arewa maso yamma take zuwa kusan duk shekara, sau da yawa da ƙarfi, tana tayar da igiyar ruwa gajeru masu tsayi da ke dukan goshin jirgi ba hutawa. Gangarawa kudu daɗi ne, dawowa arewa azaba ce, mutane sukan yi kwanaki a lungu suna jiran ta sassauta, sannan su kunna inji su yi ta turawa. Wanda bai taɓa shiga ko kwalekwale a Galma ba, nan ne zai san tashin zuciyarsa.

Sai duwatsun murjani, waɗanda su ne adon tekun kuma su ne haɗarinsa. Suna tasowa daga zurfi tsaye cak zuwa dab da saman ruwa, na'urar auna zurfi ba ta ba ka gargaɗi sai ka kusa hawa kansu. Shiga lungu a can yana da tsari. Ana jira rana ta yi sama, ta koma bayan matuƙi. Mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi da baƙin tabarau yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore yashi ne mara zurfi, in ya ga ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya to dutse ne, sai ya miƙa hannu dama ko hagu, na baya ya juya sitiyari ba tambaya. Bayan la'asar sakaliya, da rana ta karkata ta shiga ido, ruwan ya zama madubi, ba mai hankalin da zai shiga sabon wuri. Manyan jirage ma ba su tsira ba. A Disamban 1991 jirgin fasinja Salem Express, yana dawowa daga Jidda, ya daki murjani kusa da Safaga cikin dare, ɗaruruwan mutane suka rasu.

Abin da ya fi iska da murjani takura wa mai son yawo a Masar shi ne takarda. Kusan komai sai ta hannun wakili: izinin shiga, izinin zirga-zirga, izinin fita, kowanne da kuɗinsa, kuma masu tsaron gaɓa ba sa barin a jefa anka ko a sauka ƙasa duk inda aka ga dama. Saboda haka zama a jirgi a can yawanci zama ne a tashar ƙananan jirage, a Hurgada ko El Guna ko Fot Galib kusa da Marsa Alam, ana fita wuni ɗaya ko kwana biyu a dawo. Akwai wuta, akwai ruwa, akwai gidajen abinci a bakin jirgi. Rayuwa ce mai daɗi, amma ba ita ce wadda ka gani a waya ba.

A kula da wani abu kuma. Idan ka nemi kwana a jirgi a Bahar Maliya ta intanet, abin da zai fi fito maka manyan jirage ne masu inji da ke kai masu nutso ƙarƙashin ruwa yawon mako guda. Wannan sana'a ce daban, kuma an sha samun haɗari a cikinta, har da nutsewar Sea Story kusa da Marsa Alam a Nuwamban 2024. Kafin ka biya, ka tambayi kamfani ƙarara: da ƙyalle jirgin yake tafiya ko da inji, ina rigunan ceto, ina ƙofar tsira daga ɗakunan ƙasa.

Abin takaicin shi ne yankin da ya fi kyau a tekun nan ba ya shiguwa yanzu. Gaɓar Sudan ce ke da lungunan da suka kutsa cikin hamada, shiru, babu kowa sai raƙuma, ga Sanganeb da Dungunab da UNESCO ta sa cikin jerinta a 2016, ga tsohon garin Sawakin da aka gina da murjani. Ta Sawakin ɗin nan kakanninmu da suka tafi hajji a ƙafa suke shiga jiragen katako masu ƙyalle su tsallaka Jidda, kuma har gobe akwai zuriyar Hausawa a Sudan da suka samo asali daga wannan hanya. Amma ƙasar tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023, kudancin tekun kuma tun Nuwamban 2023 'yan Huthi suka fara kai wa jirage hari. Duk wanda ya ce maka a yanzu ka bi shi Sawakin yawon buɗe ido, ka yi masa godiya ka zauna. Ɓangaren Saudiyya ya fara buɗewa, har an yi gasar share fagen Kofin Amurka ta tseren jirage a Jidda a ƙarshen 2023, sai dai harkar can ta masu manyan jirage da manyan aljihu ce tukuna.

Da muke wannan lissafi da wani kawuna da ya yi ritaya daga jami'a, matarsa tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba sai da aka zo kan kwanaki.

"Malam, wata huɗun nan da kuke ta faɗa, Juma'a nawa ke ciki?"

"Haba Hajiya, ai matafiyi ne mutum."

"Matafiyin da ya jefa ƙarfe a ruwa ya zauna mako biyu wuri ɗaya? To, naman fa, wa zai yanka muku?"

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kai ɗana, amsa mata."

Tambayarta ita ce inda Masar ta yi wa Meziko fintinkau. A Hurgada kiran salla yana iske ka a cikin jirgi, masallaci tafiyar ƙafa ne, nama da kaji ka saya ba tare da tambaya ba, wanda ya yi makarantar allo da 'yar Islamiyya kuma zai iya cinikin tumatir. A Meziko ƙidayar 2020 ba ta samu Musulmi 8,000 ba a duk ƙasar, saboda haka a lungunan Baha ka ɗauka kai ne liman kai ne ladan. Naman alade yana ko'ina, kuma inda ya fi ɓuya shi ne kitsensa, da ake sawa a waken da suke dakawa da kuma wainar fulawarsu. Mafita kifi ne, kuma akwai shi har ya ishe ka, sai dai in da ƙugiya a jirgi, doka ta ce kowa da ke ciki ya mallaki lasin kamun kifi. Harshe Sifaniyanci ne a gari, amma tsakanin masu jirage Turanci ya wadatar. Alƙibla ma sai an sake koyo. Mu da muka saba fuskantar gabas, a Hurgada kudu maso gabas za mu kalla, a La Paz kuwa arewa maso gabas, ta fi karkata arewa. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, kana iya tayar da kabbara kana kallon dutse ka sallame kana kallon teku, don haka wannan da batun ƙasaru, wanda a mazhabarmu niyyar zaman kwana huɗu ke yankewa, a zauna da malami tun a gida. A shekarun nan kuma azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, tsakiyar kakar duka wuraren biyu.

Ruwan sha matsala ce ɗaya a ko'ina, tunda hamada ce. Tankin irin wannan jirgi lita ɗari uku zuwa biyar yake ɗauka. Mutum biyu masu tattali za su yi mako biyu ko uku da shi, gidan da ya saba wanka da bokiti cike kuwa ba zai kai mako ba. Ana wanke kwanuka da ruwan teku a ɗauraye da kofi ɗaya na mai daɗi. Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, sai ka ɗaure guga da igiya ka jefa ta gefe ka ja. Masu hali suna sa injin tace gishiri, mai ba da lita talatin zuwa sittin a awa. A Bahar Maliya injin yana shan wahala fiye da a yawancin tekuna, domin babu kogin da ke zuba cikinta duk shekara, rana kuma tana ƙona ruwan, gishirinta ya kai giram 40 a lita, alhali na manyan tekuna 35 ne.

Saura kuɗi. Hanya uku ce: ka sayi jirgi, ka yi haya, ko ka shiga na wani a matsayin ɗan taya aiki. Wajen saye Meziko ba ta da na biyu a tsakanin wuraren nan. La Paz da San Karlos cike suke da tsofaffin jiragen Amurkawa da 'yan Kanada da suka gaji ko suka tsufa, ga makanikai da masu ɗinkin ƙyalle, kayan gyara suna shigowa ta mota daga Amurka, kuma jirgi mai rajistar waje yana samun izinin zama na shekaru. Kowace safiya mazauna jirage a La Paz suna haɗuwa ta rediyon jirgi, a faɗi yanayin iska, mai neman kaya ya yi cigiya, mai neman abokin tafiya ya sanar. Baƙon da ba shi da jirgi ta nan yake samun shiga. A Masar jiragen ƙyalle na sayarwa kaɗan ne, shigo da ƙaramin kayan gyara ta kwastan kuma yana iya cin makonni. Masu jirage sukan ce a ware kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin jirgi duk shekara don gyara, kuma da dala ake biya. Mai karɓar fansho da naira ya yi wannan lissafi da biro da takarda, kada ya taɓa kuɗin sallamarsa don hoto ya burge shi.

Ga yadda zan raba. Wanda bai taɓa kwana a ruwa ba, ko zai tafi da iyali, ko mako biyu zuwa wata ɗaya kawai yake da shi, ya nufi Masar a Oktoba ko Nuwamba, ko Maris da Afrilu, ya yi hayar jirgi da matuƙinsa daga El Guna ko Hurgada. Kada ya karɓi sitiyari shi kaɗai a cikin murjani. In abin bai karɓe shi ba, otal yana bakin ruwa, Kano kuma tafiyar wuni ce. Wanda kuwa ya riga ya gwada, cikinsa ya zauna, yana da biza mai rai a fasfo, kuma abin da yake so shi ne ainihin yawon daga lungu zuwa lungu na tsawon kaka, Tekun Kortes ne wurinsa, ko da zai yi wata huɗu yana cin kifi yana salla shi kaɗai. Kawuna na rukunin farko ne, ko da yake shi yana ganin na biyu ne.

Ko wanne aka zaɓa, abu biyu suna gaba da tikiti. Na farko iyo. Da yawanmu a nan ba mu iya ba, kuma rigar ceto ba ta maye gurbinsa. Na biyu horo: kwas ɗin farko na RYA, ƙungiyar masu tuƙin ƙananan jiragen ruwa ta Ingila, kwana biyar ne ana kwana a jirgi, a nan ake koyon ɗaurin igiya, rage ƙyalle in iska ta yi yawa, da yadda ake juyowa a ɗauko wanda ya faɗa ruwa. Kamfanonin haya ba sa ba mutum jirgi shi kaɗai sai ya nuna takardar mataki na gaba ko shaidar ya daɗe yana tuƙi.

Mai niyyar saye kuma ya tuna zai yi wata bakwai ko takwas ba ya tare da jirgin. A Meziko ana fitar da shi kan tudu, a sauke ƙyallaye, a rufe tagogi saboda rana, a bar bokitan ruwa a ciki don kada katako ya tsage, sannan a biya wani ya riƙa leƙawa. Kafin ka sa hannu a takardar inshora, nemi sakin layin da ya yi magana kan watannin guguwa, domin kamfanoni da yawa suna gindaya inda jirgi zai kasance daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma in guguwa ta same shi a wani wurin daban, ko kwabo ba za su biya ba.